Labarin Baƙin da Aka Ba Masara

Mu shida ne a rumfar ranar Larabar nan. Da ni. Da jikata, ɗiyar ɗana na fari, wadda na goya tun ba ta yi haƙori ba. Da mai rumfar, wani mutumin Sinnar da ya kafa farin faranti a kan rufinsa yana kamo shabaka, wato intanet, daga sama, duk mai son yin waya a garinmu sai ya je ya zauna a ƙarƙashinsa. Da maza biyu na tsallaken rafi suna shan gahawa, ɗaya direban tarakta, ɗaya masunci. Na shida Ustaz ne, shi ma na tsallaken rafi, tsohon da ya koyar da Turanci a Damazin har kansa ya yi furfura, yanzu ba shi da aiki sai zaman kasuwa da jan carbi.

Rafin nan shi ya raba garinmu biyu. Da rani yashi ne zalla, ko ɗan akuya yana tsallake shi. Mu Hausawa muna gabas, su suna yamma, kasuwa ce kaɗai ta haɗa mu. Su suna kiran kansu masu ƙasa, mu suna ce mana baƙi, ko da yake kakata a garin nan aka binne cibiyarta. Shekarar da wuta ta tashi tsakaninmu mun gudu garin Mai Wurno da kayan jikinmu, muka dawo muka tarar da ɗakunanmu babu rufi. Tun daga lokacin ana gaisawa a kasuwa, gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Na koya wa kowane yaro a gidana cewa kalma uku ba sa fita daga bakinsa a waje: ƙasa, baƙo, asali.

Jikata tana jami'a aka fara babban yaƙin ƙasa baki ɗaya aka rufe makarantu, ta dawo gida ta zauna tana ramewa. Sai ta samu wata makaranta ta can nesa da ke koyar da mutane ta cikin waya, ta ce an ɗauke ta, za ta karanta tarihin Amurka na farko-farko. Ni ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi a takarda ba, amma na san yarinyar da ta fara cin tuwo bayan ta daina. Na ce ta yi. Abin da na gindaya mata ɗaya ne, duk abin da aka koya mata ta zo ta faɗa mini da Hausa.

Haka muka yi makonni. Da hantsi ina yanka kuɓewa ina shanyawa, ita tana gefen tabarma tana ba ni labari. Ta faɗa mini jiragen ruwa masu tafiya da iska. Wani mako ta faɗa mini baƙaƙen mutane da aka ɗaure a cikin jiragen aka tsallaka da su, ta yi kuka, ni ma na share ido da bakin mayafi. Wannan baƙin ciki ne kawai, bai ba ni tsoro ba. Tsoro ya zo ne ranar da ta kira ni habboba, wato kaka da Larabcin nan, ta ce:

“Habboba, na yau zai yi miki daɗi, na noma ne.”

“To faɗi.”

Ta ce wasu mutane ne suka sauka daga jirgi a bakin wata ƙasa, ga sanyi, ga yunwa, suna ta mutuwa. Mutanen da suka tarar a wurin suka ji tausayinsu, suka ba su irin masara, suka nuna musu yadda ake shukawa, har suka koya musu binne ɗan kifi a ramin shuka don ya zama taki. Baƙin suka rayu. Suka aika aka zo da 'yan'uwansu. Suka yi yawa, suka fara kafa shinge, suka fara rubuta takardu cewa nan wurin nasu ne. Daga ƙarshe masu ƙasar ne aka kora.

Wuƙa ta tsaya a hannuna. Na san labarin nan. Na ji shi da Larabci a bakin mutane masu riƙe da adda, kuma mu ne baƙin da ke cikinsa.

“Wa kika faɗa wa wanga labari?”

“Ba kowa. Ke kaɗai.”

“To ya mutu a kan tabarmar nan.”

Ta yi dariya. Yaran yanzu suna dariya a inda ba a dariya. Ta ce ai ba zai mutu ba, ranar Laraba ita ce za ta yi bayaninsa a gaban malama da sauran ɗalibai, kowa da makonsa, nata ya zo. Na ce a ina? Ta ce ina kuwa in ba rumfar shabaka ba.

“A kasuwa? A gaban mutanen tsallake?”

“Ya habboba, da Turanci ne. Wa zai ji? Kuma labarin Amurka ne, shekaru aru-aru, ina ruwansa da mu?”

“Wuta ba ta tambayar shekarun kara.”

Na ce ba za ta je ba. Ta ce in ba ta je ba sun cire sunanta, shi ke nan. Ta faɗi haka ne a hankali, tana kallon kuɓewa, sai na ga kafaɗun nan da suka fara cikowa. Na ce to tare za mu tafi.

Bayan la'asar muka isa, don lokacin ne gari yake waye musu can inda makarantar take. Ina shiga na ga Ustaz a kan bencinsa. A duk garin shi kaɗai ne Turanci ba ya yi masa katanga. Na so in ja yarinyar mu koma, amma ta riga ta zauna ta jingina wayar da gwangwanin sukari. Muka gaisa da Larabci, kowa ya amsa. Mai rumfar ya ce, “Yau hajja ce da kanta? Ko ke ma za ki kira saurayinki?” Masunci ya yi dariya. Na zauna a inda zan ga fuskar kowa.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Yarinyar ta ciro 'yan igiyoyin nan da ake sa wa a kunne ta toshe kunnuwanta. Na ga tana murmushi tana gyaɗa wa waya kai, ni ban ji mai magana ba. Ban saba a yi wa ɗiyar gidana raɗa a kunne ina zaune ba. Na miƙa hannu na zare igiyar.

“Cire. In ji muryar mai magana da ke.”

“Habboba, don Allah.”

“Na ce cire.”

Ta cire. Sai muryar wata tsohuwa ta fito, mai rawa-rawa kamar tawa. Na ji kunya kaɗan, amma ban iya janye magana a gaban mutane ba. Da na bar ta da igiyarta, da rabin zancen ne kawai zai shiga rumfar. Ni na buɗe ɗaya rabin.

Ta fara. Ban ji ko kalma ɗaya ba, saboda haka na yi abin da na iya, na karanta fuska. Ustaz yana jan carbinsa yana kallon hanya, kamar wanda ba ya nan. Can sai carbin ya rage gudu. Can sai ya tsaya cak a tsakanin yatsu biyu. Bai juyo ba, amma kunnensa ya juyo. Na fara lissafin hanyar da ke tsakanin rumfar da gidana, da wace ƙofa ce a buɗe in an tashi.

Direban tarakta ne ya fara magana. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ba ya yi wa Bahaushe sallama sai in an yi masa. Ya nuna yarinyar da haɓa.

“Ustaz, me take ta zuba haka kamar rediyo?”

Na kalli bakin tsohon nan. Duk abin da na mallaka, rufin da muka sake ɗorawa, da gonar bakin kogi, da yaran da ke gida, duk suna rataye a kan leɓensa na ƙasa. Ya ɗauki ɗan kofinsa ya kurɓa, ya ajiye.

“Noman masara,” in ji shi. “Wai mutanen can suna binne kifi a ramin shuka don taki.”

Masunci ya kusa zubar da gahawarsa. “Kifi? A ƙasa? Wane mahaukaci ne zai kwana a ruwa ya kamo kifi ya ba masara ta ci?”

“Kai ka ba su naka,” in ji mai rumfar. “Ai naka ko kyanwa ba ta ci, gara masara.”

“Uwarka ce ta sayi na jiya, je ka tambaye ta.”

Suka kwashe da dariya. Direban ya ce shi ya sa Turawa suke wari, masunci ya ce Turawa nawa ka taɓa shinshinawa. Ni ma na buɗe haƙora don kada a ga ban yi ba. Na ce a raina Allah ya kawo mu ƙarshe lafiya.

Yarinyar ta gama, aka yi mata tafi a cikin waya. Na fara tattara mayafina. Sai muryar tsohuwar nan ta sake fitowa, a fili, kowa yana ji, ƙarshen maganarta ya ɗaga sama irin na tambaya. Jikata ta yi shiru. Ta juyo ta kalle ni. Na girgiza mata kai ba tare da na san me aka tambaya ba, don na san shirun. Ta mayar da idonta kan waya ta fara magana, muryarta ta sauya, ta daina irin ta karatu ta koma irin wadda take yi in an ɓata mata rai. A cikin Turancin nan sai na ji kalmomi da ba sa bukatar tafinta. Na ji Damazin. Na ji Mai Wurno. Na ji habboba. Na ji Hausa, sau biyu.

Dariya ta ɗauke a rumfar. Direban ya ajiye kofinsa.

“Hausa? Me ya kai Hausa cikin masarar Amurka?”

Mai rumfar ya shiga goge teburin da ba shi da datti.

“Ustaz, da kai nake.”

Tsohon ya ɗago. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an yayyafa mata toka.

“Malamar ce ta tambaye ta ko su ma suna noman masara,” in ji shi. “Ta ce su Hausawa dawa suka fi so, kakarta ba ta yarda da tuwon masara ba.”

“Duk wannan dogon zancen?”

“Turanci haka yake. Abin da za ka faɗa da kalma biyu, su sai sun yi ashirin.”

Direban ya kalli yarinyar, ya kalle ni. Kallon ya daɗe. Sannan ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa ya ce zai je ya duba injin, masunci ya bi shi. Ustaz ma ya miƙe, ya bar rabin gahawarsa. Da zai wuce ta gabana sai ya ɗan tsaya kamar mai gyara takalmi, ya yi magana da Hausa, Hausar da ya koya a wurin wasa da yaranmu tun yana ƙarami, wadda ban ji a bakinsa ba tun shekarar gudu.

“Hajja, yarinyarku ta iya magana. Ta ƙidaya naku. Ba ta ƙidaya namu ba.”

Ya tafi.

Ban ce mata komai ba sai da muka bar kasuwa muka shiga tsakanin dannin gidajenmu.

“Mi ta tambaye ki?”

“Ta ce ko akwai irin wannan labarin a ƙasarmu.”

“Ke kuma kika ce mi?”

Ta ce ta faɗi gaskiya. Ta ce a nan ana ba da wannan labarin a kanmu, ana cewa mu ne baƙin da aka ba gona suka so cinye gari, amma mu ba mu zo da bindiga ba, da ƙafa kakanninmu suka zo a kan hanyar Makka, kuma mu ne aka ƙone wa gidaje, mu ne muka gudu, kakarta ta yi tafiya da ƙafa ba takalmi. Ta faɗi mutanenmu da aka kashe.

“Ƙarya na yi?”

“Wa ya ce miki ƙarya ake kashe mutum a kanta?”

Na tambaye ta ko ta san ɗan autan Ustaz. Ta ce ta san ya rasu. Na ce a ina ya rasu? Ba ta sani ba, tana jami'a a lokacin, mu kuma ba ma faɗa. Na gaya mata. A bakin kasuwar nan aka same shi, ranar farko ta wutar, yana ƙoƙarin rufe shagon kawunsa. Yaro ne mai gyaran keke, ba ya faɗa da kowa. Ba a taɓa cewa ga wanda ya yi ba, amma ba mutanen tsallake ne suka kashe nasu ba. Wannan kowa ya sani, mu da su.

Ta dafa danni ta tsaya. Ta ce, “Kuma ya rufa mini asiri?”

“Sau biyu. A gaban danginsa.”

Wannan shi ne abin da ya hana ni cin tuwo ranar. Da ya fassara gaskiya a rumfar, da na san abin da zan yi, da tuni mun kama hanya. Amma ya haɗiye maganar ya tafi da ita gida. Mutumin da ya haɗiye irin wannan, ba ka san yaushe za ta taso masa ba. Zai iya faɗa wa matarsa a kan abinci, matarsa ta faɗa wa ƙanwarta, ƙanwarta kuwa ita ce matar direban tarakta. Kafin Juma'a sai a ce ɗiyar Hausawa ta zauna a tsakiyar kasuwa tana kai ƙarar masu ƙasa wurin Turawa. Na ga an tada gari a kan abin da bai kai wannan ba.

Kafin magariba na ciro takardun gida daga ƙasan akwati na ɗaure su a zane tare da maganin hawan jinina da 'yan kayan yara. Surukata, matar ɗana, ta ga ƙullin ta dafe ƙirji, na ce mata kayan wanki ne. Jikata ta kawo mini wayar ta ce in ajiye, in na so in jefa a rijiya. Na ce maganar da ta riga ta shiga kunne, rijiya ba ta cinye ta.

Na yi ta juya abin da ya faɗa. Naku. Namu. Sai na ga ba yarinyar kaɗai yake nufi ba. Da muka dawo daga Mai Wurno kowa ya zauna a gefensa yana kukan nasa. Ba wanda ya tsallaka ya yi wa wani gaisuwar mutuwa, ba mu ba, ba su ba. Matar Ustaz kuwa ita ta riƙe ni ranar da na haifi uban yarinyar nan, da ungozoma ta makara. Ɗanta ya mutu, na ji, na ce Allah ya jiƙansa a cikin ɗakina, na ci gaba da ɗora rufi.

Da gari ya waye na yi salla, na jira rana ta fito sosai don kada a ce mun zo a ɓoye. Na yafa farin mayafi irin na zaman makoki. Na auna sukari da ganyen shayi na ƙulle, na miƙa wa jikata.

“Ina za mu?”

“Bakin da ya ƙidaya namu shi zai tahi ya ƙidaya nasu. Sa fari.”

Muka sauka cikin rafin. Yashin bai yi zafi ba tukuna, na riƙe kafaɗarta. A gefenmu mata sun fito bakin danni suna kallo. A gefensu wata mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu, ba ta amsa sallamarmu ba. Muka wuce taraktar direban a ƙofar gidansa, ban duba ko yana nan ba.

Ustaz yana zaune a kan gadon igiya a gindin dogon yaro. Ya gan mu tun daga nesa, bai motsa ba. Na tsaya a gabansa kamar taku uku. A ƙasar nan mai zuwa ta'aziyya ba ya fara gaisuwa, ɗaga tafin hannu yake yi, mai gida ya miƙe ya ɗaga nasa. In bai ɗaga ba, ya kore ka ke nan. Na ɗaga hannuwana, yarinyar ta ɗaga nata, na ce, “Fatiha.”

Na karanta ta har ƙarshe yana zaune. Na sake farawa. A tsakiyar ta biyu ya ajiye carbinsa, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗaga.

Matarsa ta fito bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Na juya gare ta na sake ɗagawa. Ta kalle ni, ta kalli yarinyar, ta kalli ƙullin sukari. Ba ta ɗaga ba. Ta koma ciki, muka tsaya a rana, har na fara tunanin hanyar komawa. Sai ta fito da tabarma ta shimfiɗa a waje, a gefen ƙofa, ba a cikin gida ba.

Na cire takalmina na zauna.